Ranar da Na Durƙusa wa Bajapane

Ba son ilmi ne ya kai ni koyon Japananci ba, kada wani ya yi mini kirarin da ban nema ba. Tsoro ne. Ina tuƙa motar wani kamfani a Sulai, can gefen Riyad inda ba abin da ido zai gani sai sito-sito da garejin gyara da ɗakunan leburori. Rannan mudir, wato manajanmu, ya tara mu direbobi a bakin sito ya ce kamfani zai miƙa jigila ga 'yan kwangila, don haka duk wanda iƙamarsa ta ƙare ba za a sabunta masa ba. Iƙama ita ce katin izinin zama. In ta mutu, sai jirgi. Tawa ce ta fi kusa da mutuwa, ga mata da yara a Funtuwa, ga tsohona da idonsa ya fara rauni, duk ni suke kallo.

Har mun juya za mu watse, sai mudir ya ƙara da cewa direba ɗaya za a bari. Wai akwai injiniya Bajapane da zai zo ya kafa wasu injina, zai daɗe, kuma yana bukatar mai kai shi da dawo da shi. Wanda baƙon ya zaɓa, shi za a riƙe. Na dubi abokan aikina. 'Yan Pakistan sun fi ni Turanci, Basudane ya fi ni Larabci, kuma duk sun fi ni ƙuruciya. Nan take na ƙudura zan tari mutumin da harshen uwarsa. Da na san abin da ke cikin harshen, da na nemi wata dabarar.

Malamin da na samu ɗan Indonesiya ne, mai sayar da rigunan waya a wani ɗan shago kusa da maƙabartar Al-Ud. Ya taɓa aiki a masana'antar kifi a Japan, kuma tun da ya dawo yake tafiya kamar shi ya haifi sarkinsu. Larabcinsa na kasuwa ne, nawa ma na kasuwa ne, da su muka haɗu muna sassaƙa harshe na uku. Ina zuwa ranar Juma'a bayan la'asar, in zauna a kan kwali, shi yana ciniki yana jefo mini darasi ta gefen baki.

Rubutu muka fara. Ni da na yi allo na yi boko, na ɗauka babu harafin da zai ba ni tsoro. Ya ba ni jerin farko, wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe, na haddace su tas, na zo ina taƙama. Ya ce madalla, ga jeri na biyu. Na duba, sautin ɗaya ne da na farko, siffar ce kawai aka sake. Na ce to wannan na mene ne? Ya ce na rubuta kalmomin baƙi ne. Wato mutanen nan ko kalma ce ta zo musu baƙunta, sai sun ware mata kwanonta daban. Na haɗiye, na haddace. Sai ya yi murmushin mugunta ya ce yanzu za a fara karatu, ya buɗe mini jeri na uku, wanda ba haruffa ba ne, zane-zane ne, dubbai, kowanne da ma'anarsa, kuma zane ɗaya yana iya karantuwa ta hanya biyu ko uku gwargwadon maƙwabcinsa. Mutanen da suka ƙera motar da ake tuƙawa har jika ya gada, sun kasa zama su yanke wa kansu haruffa talatin su huta.

Ƙirga ma ba su bar ta ta zauna lafiya ba. Yadda za ka ƙirga sanduna daban, yadda za ka ƙirga faranti daban, mutane daban, motoci daban, kaji daban da shanu. Na tambayi malam, in mutum yana da akuya biyu da tabarma biyu, ba duk biyu ba ne? Ya ce ni matsalata gardama. Abu ɗaya ne bai ba ni wuya ba, shi ne maganar ladabi. Suna da wata irin magana da mutum zai ƙasƙantar da kansa ya ɗaga wanda yake yi wa. Malam ya ce baƙi da yawa a nan suke faɗuwa. Ni kuwa ruwa na sha ta. Wanda ya shekara da shekaru yana ce wa kafil, ubangidan da ke riƙe da iƙamarsa, ranka ya daɗe da Larabci ba sai an koya masa yadda ake ƙanƙan da kai ba.

Ba zan ce babu daɗi ko kaɗan ba. Wata rana ina jiran a loda mini kaya, idona ya faɗa kan wani kwali da ya zo daga can, sai na ga na karanta abin da ke jiki: a yi hattara, abu ne mai saurin fashewa. Ba wanda ya gaya mini, ni na karanta. Na tsaya cikin ranar nan ta Sulai mai narka kwalta ina murmushi ni kaɗai, na ji kamar a ba ni ƙasar Japan in riƙa. Da yamma na kunna labaransu a waya don in gwada kaina. Matar ta yi magana ta gama, ban tsinci komai ba sai gaisuwar farko da ta ƙarshe. Abokan ɗakina, Hausawa 'yan gini da wani mai gadi, suka sa mini suna Bajapane. In na shigo sai su ja ido da yatsa su yi ta wani ƙiƙi-ƙaƙa, su da ko Larabcin sayen burodi sai da nuni suke yi.

Da zuwan baƙon ya matso, malam ya ajiye zane-zane ya ce saura babban darasi.

“Akhi, ɗan'uwana, rabin harshen nan a gadon baya yake,” in ji shi. “Ko ka haddace littafi, in ka tsaya ƙiƙam kana magana, kamar zagi kake yi.”

Ya fito daga bayan kanta ya nuna mini. Hannuwa a gefe, baya a miƙe, a karya daga ƙugu. Ɗan kaɗan ga abokin aiki, fiye da haka ga shugaba, can ƙasa ga wanda aka yi wa laifi. Ya koya mini jimlar da ake gabatar da kai, wadda ƙarshenta yake nufin ina roƙon ka kyautata mini. Ya ce kowa haka yake faɗa a haɗuwar farko, ba wani abu ba ne. Na koma ɗaki na mai da firij ya zama Bajapane, ina gaishe shi safe da yamma.

A haka Ustaz ya same ni. Ɗan wani abokina ne na gida, yana karatun addini a jami'a a nan Riyad, kuma duk Juma'a sai ƙafarsa ta kawo shi ɗakinmu daidai lokacin da ake kwashe tuwo. Yaron da na sani yana yawo ba wando, yanzu ya tara gemu, wandon ma ya samu amma ya tsaya a ƙwauri. Ya yi sallama ya tarar da ni a lanƙwashe gaban firij.

“Subhanallah. Kawu, me nake gani haka?”

“Gaisuwa nake koya, Ustaz.”

“Wannan ai ruku'u ne. La yajuz, Kawu. Ba a sunkuya wa kowa sai Allah. Balle kafiri.”

“To iƙamata fa? Kai za ka sabunta mini?”

“Arziki na Allah ne,” ya ce, yana wanke hannu.

Arziki na Allah ne, gaskiya ne, amma ya fi sauƙin faɗa a bakin wanda jami'a ke ba ɗaki mai sanyi da abinci sau uku. Kuma wannan Ustaz ɗin da idona na gan shi a wani masallaci a unguwar Murabba ya bi wani shehi da gudu, ya lanƙwashe yana neman hannunsa, har hularsa ta faɗi. Wannan ba ruku'u ba ne, girmama ilmi ne. Na so in tuna masa, sai na bar shi ya ci tuwonsa. Ya yi mana wa'azi tsakanin loma da loma, ya sha miya, ya tafi.

Abin haushin shi ne maganarsa ta zauna mini. Mutum yana iya raina mai magana amma maganar ta ƙi fita daga kansa. Ni ma na taɓa jin malamai na gaske sun hana, tun kafin a haifi wannan yaro. Na koma gaban firij, bayana ya ƙi karyewa. In na sunkuya sai in ji kamar zan ce subhana rabbiyal azim. Na shiga tsaka mai wuya: in na tsaya ƙiƙam na zagi baƙo, in na sunkuya na taɓa addinina, ga iƙama tana ƙara tsufa a aljihu.

Sai dabara ta zo mini, kuma na yi murna da ita kamar na gano rijiyar mai. Mu ai muna da tamu gaisuwar. Tun ina yaro ban taɓa gaida tsohona a tsaye ba. Takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, hannu a ƙasa, kai a duƙe. Ba ruku'u ba ne, ba sujada ba ce, tarbiyya ce, kuma duk abin da su Ustaz za su ce a kanta, ni a cikinta na tashi ban ga ta raba ubana da salla ba. An ce mana injiniyan dattijo ne mai furfura. To me ya fi wannan? Mutanen da ke auna ladabi da yadda ka yi ƙasa, ni zan kai musu shi har ƙasan. Ban gaya wa malam ba. Na ga mai sayar da rigar waya ba shi da abin da zai koya wa Bakatsine a kan gaida manya.

Ranar da baƙon ya zo, mudir ya jera mu a cikin sito, kowa ya sha guga. Sai ga shi ya shigo, ɗan gajere, siriri, kansa fari fat, da kwat da baƙin wando. Ashe shi ma an yi masa nasa darasin kafin ya taso. An gaya masa Musulmi ba sa son sunkuyo, don haka ya riƙe bayansa ƙam kamar an sa masa sanda, yana bin layi yana dafa ƙirji yana cewa salamu alaikum da wata irin murya, yana miƙa hannu. 'Yan Pakistan suka yi masa Turanci, Basudane ya yi masa dariyar nan tasu mai faɗi. Ya iso kaina, ya miƙo hannu.

Na zame takalmi, na kai gwiwa ƙasa a kan simintin nan mai ƙura da baƙin mai, na dafa ƙasa, na duƙar da kai, na kwararo masa jimlata tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Ko malam bai taɓa jin ta fita da kyau haka ba. Na rufe da ina roƙon ka kyautata mini, na kasa kunne ina jiran in ji ya yi mamaki.

Na ɗan ɗaga ido, na ga hannunsa yana nan a miƙe a sama, fuskarsa ta yi fari kamar gashinsa. Ya juya wajen mudir yana tambaya da Turanci cikin sauri, abin da na tsinta shi ne me ya yi, me ya faru. Mudir ya zaro ido.

“Ya Haj, esh sawwait? Me ka yi? Motar ka fasa?”

“Ban fasa komai ba, mudir.”

“To gum! Tashi, yalla, kana ba mu kunya.”

Kafin in motsa, dattijon nan ya saki jakarsa ya durƙusa a gabana, da wandonsa mai tsada a cikin baƙin mai. Ya leƙo fuskata, ya yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa yaro. Ya ce, me ya same ka? Wannan ita ce jimlar Japananci ta farko da na ji daga bakin mai ita na kuma gane ta duka.

Duk maganar ladabin da na tara ta gudu. Ba abin da ya rage a kaina sai kalmomin darasin farko, irin waɗanda ake koya da hoto. Na ji bakina yana cewa: aiki, babu. Yara. Uba, tsoho. Ban shirya faɗar haka ba, wallahi ban shirya ba. Ya kalle ni, ya gyaɗa kai, ya kama ni ta gwiwar hannu muka miƙe tare. Ya kaɗe wandonsa, bai sake duban sauran layin ba, ya ce wa mudir wannan nake so.

Aka sabunta mini iƙama. Abokan ɗaki suka yi ta murna, masu ja mini ido jiya suka koma cewa dama sun san kaina yana ja. Ustaz ya zo ranar Juma'a ya ce, “Kun gani ko, Kawu? Da kuka bar sunkuyo saboda Allah, sai ya buɗa muku.” Ya ɗauki nasarar ya sa a aljihun fatawarsa, ya cinye malmala biyu. Ban gaya masa yadda aka yi ba, don na san wani wa'azin zai jawo.

Malam na gaya wa. Ina ba shi labari ina dariya, shi kuwa ya ajiye abin da ke hannunsa ya riƙe kai. Ya ce a can ba a kai gwiwa da hannu ƙasa don gaisuwa. Mutum ba ya yin haka sai ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa yana neman gafara, ko kuwa ya kai maƙura yana roƙon a cece shi. Ya ce akwai dattawan da za su mutu ba su taɓa ganin an yi musu ba, kuma wanda aka yi wa, kunyar ta fi kama shi.

“Ka ɗaure shi ne, akhi. Ba yadda zai yi ya ce a'a a gaban mutane.”

“Mu a wurinmu gaisuwa ce kawai.”

“Na ji. Kai ranar gaisuwa kawai ka yi?”

Na ce masa ya ba ni darasin yau, ina sauri.

Wato duk wahalar da na sha, jeri na ɗaya da na biyu da zane-zanen da suka kusa makantar da ni, da ƙirgar sanduna da ta faranti, ba su ne suka riƙe ni a Riyad ba. Gwiwa ce da kalmomi biyar na 'yan yaye. Da na sani da na bar wa ɗan Indonesiya harshensa, na je na faɗi a gaban mutumin da Hausa, sakamakon ɗaya ne.

Na tuƙa dattijon nan har ya gama aikinsa, kuma ban taɓa zama da mutum mai kirki da ya gundure ni kamarsa ba. Da safe kafin in zagayo in buɗe masa ƙofa ya riga ya faɗa mota, don kada in sami sararin yin wani abu. In na gaishe shi da Japananci sai ya amsa a gajarce ya koma Turanci. Kullum sai ya tambaye ni yara lafiya, uba lafiya, da irin muryar da ake duba mara lafiya a asibiti. Yakan ajiye mini lemo da biskit a kujerar gaba ba tare da ya dube ni ba. Na ci gaba da zuwa Al-Ud ranar Juma'a, don haushi kawai, ina so wata rana in yi masa magana irin ta mutum da mutum, a kan ƙwallo ko tsadar tumatir. Harshena ya ɗan sake, har nakan gane rabin abin da yake faɗa a waya. Amma a idonsa ban taɓa tashi daga simintin nan ba, kuma na tsani hakan.

Bayan ya koma ƙasarsu kamfani ya bar ni a kan motar baƙi, na sami hutu na tafi gida. Na isa Funtuwa da hantsi. Tsoho yana zaure a kan buzunsa, inda na bar shi, ƙannena biyu da suka taro ni daga tasha suna biye da ni da jakunkuna. Na yi sallama, na zame takalmi a bakin ƙofa kamar kullum. Abin da na yi tun ina yaro ba tare da na taɓa tunaninsa ba, shi na zo yi. Gwiwata ta fara sauka, sai warin baƙin man nan ya dawo mini, da hannun da ke miƙe a sama, da muryata tana cewa aiki babu. Gwiwar ta tsaya. Na rasa gaba na rasa baya, sai na ji jikina ya yi abin da ya koya a gaban firij: hannuwa a gefe, baya a miƙe, na karye daga ƙugu.

Ƙannena suka zube a bayana suna gaishe shi yadda aka saba. Ni kaɗai na rage a sama. Tsoho ya ɗaga kai yana lalubena da idanun nan nasa da suka yi hazo, ya daɗe yana kallon inda nake.

“Kai ne a tsaye?” ya ce.

“Ni ne, Baba. Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau. Tuƙin ne ya ci maka gwiwa?”

Na ce, “E, Baba, tuƙin ne.”

Ya matsa gefe ya ba ni wuri a kan buzun, ya ce a kawo mini man zafi.